Awon Rana a Maƙera

Tsahara ta dawo hutu daga Dutse
da takarda mai layi uku a tsaye,
ta zauna a ƙofar maƙerata a Kiyawa,
zugazugi na numfashi tsakaninmu.

Na ce, ni dai abin da na sani,
rana jan ƙarfe ce
da ba a taɓa tsomawa a ruwa ba.
Ta yi dariya har gyalenta ya zame.

"Baba, ƙirgo ƙwayar rana ɗari:
casa'in da biyu haidirojin ne, marar nauyi,
kusan takwas hiliyam.
Ƙarfenka kuwa, sai ka tsince dubu ɗari
kafin uku su faɗo tafinka."

Na ajiye masaba.
Shekara arba'in ina mata kallon abokiyar sana'a.

Na ce, to ƙasa fa?
Ta nuna bayan danga, inda Delu ke shiƙar gero:
ƙaiƙayi na tashi, tsaba na zama a ƙwarya.
"Mu ne tsabar.
Sulusin nauyin ƙasa ƙarfe ne,
yawancinsa can cibiya, inda mai haƙar rijiya bai kai ba.
Sai oksijin, sai abin da ya yi yashi."

Layi na uku ya fi ɗaure min kai.
Wai rana na da iska,
ba irin mai kaɗa ganyen dawa ba,
wadda ke kwararowa daga jikinta dare da rana.
Na ce, ai ɗan aike kamar mai aikensa yake.
Ta ce, "Ka tuna Ɗantani,
ran da ka aike shi kasuwar Shuwarin?
Haka take. Ta zubar da rabin hiliyam a hanya,
ta ƙara ƙarfe a bakin saƙon."
Don me?
Ta ɗaga kafaɗa: "Ana kan tambaya."

Da la'asar na ɗauki ruwan fartanyar Barau,
na jinjina shi, na dubi yamma,
na ce, ashe matsiyaciya ce.
Tsahara tana naɗe takardarta:
"Kar ka raina ta, Baba.
Ukun nan nata, in an tara,
sun fi duniyarmu nauyi sau ɗaruruwa."

Ban ce komai ba.
Gawayi ya fara mutuwa.
Na ce ta kama min zuga,
Barau na jiran fartanyarsa kafin ruwa ya sauka.