Tsingaro a Cocin Sarvignol

Mabuɗin yana hannun Ernestine,
gida na uku daga mai gasa burodi.
Ya fi tafin hannuna tsawo.
Ta ce, "Ɗaga ƙofar kaɗan kafin ka murɗa,
ta tsufa, ba ta son gaggawa."

Na ɗaga. Ta yi nishi, ta ba ni hanya.

Dutsen bakin ƙofa ya lotsa kamar akushi.
Ba guduma ce ta ci shi ba,
ƙafafu ne: na amare, na masu ɗaukar gawa,
na yaran da aka ja da kunne ranar Lahadi.

Ni magini ne, ba mai wa'azi ba,
tsagar bango ta kawo ni.
Amma bango ya fi mutanen garin surutu.
Nan ƙasa, baka zagayayye, kauri kamar wuyan sa,
taga ƴar mitsitsiya, ta masu tsoron mahara.
Can gaba, da inabi ya yi kuɗi,
jikokinsu suka ja bakan ya yi tsini,
suka huda bango, suka zuba gilashi shuɗi da ja.
Da hantsi launin yakan sauko
ya kwanta kan kujerun da ba kowa.

Waliyyai huɗu a kan ƙofa, ba mai kai ko ɗaya.
An fille su shekarar da talakawa suka fusata,
shekarar da aka sauke babbar ƙararrawa
aka narkar, ta koma igwa.
Ƙaramar ta tsira a ƙarƙashin tarin taki,
in ji Ernestine,
shi ya sa har yau muryarta ke dishe.

Jikin ginshiƙi, sunaye ashirin da uku.
Vaudray sau uku a jere.
Ta shafa na tsakiya da gefen mayafinta,
ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Fada yana zuwa sau ɗaya a wata,
ƙauyuka goma sha ɗaya ke rabonsa.
Sauran kwanaki sai tsattsewa da jemage,
sai zakaran ƙarfe a kan hasumiya
da tsatsa ta kafe shi yana kallon yamma.

Ranar Laraba, a saman tsani,
na zare dutsen da ruwa ya cinye.
Bayansa, inda ido bai taɓa kaiwa ba,
ga zanen ɗan kifi, bugu biyar na ƙarfen sassaƙa:
alamar wanda ya fara ɗora shi,
don a ƙirga masa ladan yini.
Ƙarƙashin kifin kuwa, tsingaro!
Ya yanke dutsen ya gaza da faɗin yatsa,
sai ya fasa tukunyar abincinsa, ko ta wani,
ya cusa, ya shafe da farar ƙasa,
ya sauko yana fito kamar bai yi komai ba.

Na yi dariya har tsani ya girgiza.
Ɗan'uwa, asirinka ya tonu,
bayan shekara ɗari takwas.
Sarakuna sun zo sun wuce,
an ƙone rufin nan sau biyu,
kuskurenka na nan riƙe da baka,
bakan na riƙe da hasumiya.

Injiniya ta ce a cire duk abin da ba dutse ba.
Na ce to.
Da ta juya, na hure masa ƙura,
na mayar da shi mazauninsa.

Da yamma na kai mabuɗi.
Ernestine tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.
"Zai tsaya?"
Na ce, zai binne ni da ke.
Ta ce, "To ka goge ƙafa gobe,
jiya ka shigar mini da laka har gaban bagadi."