Kaluluwa

A amalanken jaki Barmu ya kawo shi, daga Garin Malam,
karen da a da yake riga zomo isa gindin dutse.
Yau daga bakin ƙofa na ƙirga haƙarƙarinsa.
Gashin ido ya zube,
farata sun yi tsawo har sun lanƙwashe,
hanci na ɗigar haɓo a kan siminti.

Sunansa Bar-su, in ji Barmu.
Ya faɗa a hankali, don unguwa ba ta son
a ji babban mutum na kiran kare da taushin murya.

Na laluba bayan gwiwa.
Ga ta nan, kaluluwa, kamar goriba a ƙarƙashin fata.
Allura ta shiga, bai ko yi gurnani ba.
Abin da na zuƙo bai cika idon kaza ba.
Na shafa a gilashi, na shanya,
na tsoma a shuni kamar ɗan marina.

Sai wuta ta ɗauke.
Muka zauna, ni da shi da kare,
muna sauraren masu garuwa suna gardama a bakin famfo.

Da la'asar ta dawo. Na duƙa kan madubi.
Fili na fari, ba kowa.
Na biyu, ba kowa.
Wuyana ya ƙage wajen na talatin da wani abu,
can na gan su:
ƙanana, kowace da ɗigo biyu,
cunkushe cikin ƙwayar da aikinta ta haɗiye baƙo.
Mai gadi ya zama mai masauki,
har yana ba su tuwo.

Na ce, Barmu, ba sammu ba ne, ba guba ba.
Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro ba,
ba ya kuka, da magariba yake fita.
Wa ke kwana kusa da karen nan?

Ya daɗe yana duban takalminsa.
Ya ce, Habsu.
Wata biyu ke nan zazzaɓi ya ƙi sauka,
ciki na tashi, ita tana ramewa,
an sha na sauro har sau uku.

Na rubuta takarda zuwa babbar likita,
na ce gobe da asuba, kada ka jira ranar kasuwa.

Bar-su ya ɗaga kai, ya dube mu.
Duk haushin da ya yi a ƙofar gidan nan shekara shida,
wannan ne bai yi da baki ba.