Baki Ashirin da Bakwai

Rediyon Iya Zulai ya zo hannuna ran Talata,
batir ya zubar masa da ruwa a ciki.
Ta ce, Malam Isiyaka, gyara min kafin la'asar,
Muntaka yana Tarabulus yana shimfiɗa tayil,
kwana tara wayarsa ba ta shiga.

Na kankare tsatsa, na ɗiga dalma
a rumfata ta Alabar, inda turoturo ke mana turaren hayaƙi.
Ya yi tari, ya buɗe baki:
ministocin Turai sun kwana a zaune
a kan kalma ɗaya.
Wannan ya ce a rubuta tsagaita wuta,
wancan ya ce ɗan dakatawa ya isa.
Wani yana da jiragen sayarwa,
wani sanyi yake tsoro, hankalinsa na kan bututun gas,
wani kuwa kakansa ne ya ja layin a taswira,
shi ya sa yake kallon silin.

Iya ta ce, me suka yanke?
Na ce, sun nuna damuwa.
Ta ce, ai ina da ita buhu-buhu, ko in aika musu?

Ban yi dariya ba.
Na tuna kwatar layinmu a Aboabo:
masu gida goma sha ɗaya, zama bakwai,
kowa ya yarda a yashe,
ba wanda ya yarda a fara daga ƙofarsa.
Ruwan Yuni bai jira sa hannun kowa ba,
ya shiga ɗakin Alhaji Bawa ya fito da katifa.
Na san wuyar haɗa kan mutum biyu a kan sidi hamsin,
balle ƙasashe.

Sai dai wani abu ya tsaya min kamar ƙayar kifi.
Da aka zo maganar teku,
maganar kwalekwalen roba da samari irin Muntaka,
ba wanda ya nemi a ɗage zama.
Baki ashirin da bakwai, harshe ɗaya,
hannuwa sun tashi tun shayi bai huce ba.

Ashe sun iya.

Wannan ban bari ta ji ba.
Na murɗa murya ƙasa, na ce waya ce ke motsi.
Ta kwance bakin zane za ta biya,
na ce bari, sai ran da ya kira.

Ta rungumi rediyon a ƙirji,
ta kutsa cikin masu dakon Kejetiya,
eriya a miƙe bisa kafaɗarta
tana laluben arewa.