Dutsen da Ya Ƙi Shiga Hoto

Motar Barau ta yi tari a Hawan Kibo,
ta yi gumi, ta tsaya.
Muka ba ta ruwa gora biyu
muna lallashi kamar masu jinya.
Can ƙasa wata tirela na kwance a kwana
tun ban san yaushe ba, ciyawa ta cinye mata taya.
Ban ɗauke ta ba.
Na ce batirina na duwatsu ne.

Kafin Riyom iska ta sauya murya,
sanyi ya shigo ta tagar da ba ta rufuwa.
Shingen ƙerana, kunyoyin dankali,
kududdufan kuza suna kallon sama
kamar idon wanda aka kwashe wa kaya yana barci.

Sai ga su.
Dutse a kan dutse a kan dutse,
kai ka ce wata ce ta jera tukwane bayan wanke-wanke,
aka kira ta, ta ce ga ni nan dawowa.
Na saman ya kai ɗakinmu na Anguwar Rogo,
abin da ya dafa kuwa, a idona, bai fi faifai ba.

Barau ya ce gwiwarsa ba ta san hawa ba,
ya zauna kan bonet da ƙullin gyaɗa.
Ni na ɗaure takalmi, na rataya kyamara,
na bi tsagar da akuya ta koya wa mutane.
Ƙaya ta karɓi zakkarta a wandona.
Rema ya leƙo, ya auna ni, ya koma.
Numfashina ya riga ni gajiya,
na tsaya ina jiransa.

Na durƙusa. Na kwanta rigingine.
Na ja da baya har na kusa faɗawa rami.
In na sami kansa, gindinsa ya fice.
In na haɗa shi duka, sai ya koma tsakuwa,
irin wadda yaro zai sa a danƙo.
Ga shi gajimare ya zauna a kan rana
kamar baƙon da bai san sallama ba.

A kan falale wata tsohuwa na baza acca,
tana shafa ta da tafin hannu
yadda ake shafa bayan jinjiri.
Ngo Kangyang, haka yarinyar da ke tare da ita ta kira ta.
Ta ce, “Ɗana, me ya ɓace maka?”
Na ce, “Haske nake jira, Mama.”
Ta ɗaga kai, ta dubi gajimaren,
ta ce, “Ni ma.”

Muka zauna, mu biyu, masu bin rana bashi.
Ta ce kakarta a nan ta yi shanya,
ƙarƙashin wannan da nake tsoron zai gangaro.
“Baƙi ne ke cewa ya kusa faɗuwa.
Mu mun san zaune yake.”

Da rana ta ɓalle, na zabura,
santsi ya ɗebe ni,
yatsana ya danna ba da izinina ba.

Da dare, a teburin mai shayi a Taminus,
na bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗari biyu da sha huɗu.
Duk ga dutse, babu nauyi.
Sai na ƙarshen, karkatacce:
gefen inuwa mai kauri,
hannu mai jijiyoyi,
acca tana zuba tsakanin yatsu, haske na bin ta.

Barau ya karɓa, ya juya shi dama, ya juya hagu,
ya hura shayinsa.
“To ina dutsen?”
Na ce yana can inda muka bar shi.