Malamin Turanci a Layin Fansho

Shekara talatin a Rafindaɗi
ina jera wa yara kalmomin Bature a allo:
wannan ta gunaguni ce, can cikin maƙoshi,
waccan ta mita, mai naci kamar sauro,
ta ukun, ƙunƙuni, ba ta wuce haƙora.
Suka haddace, suka ci jarrabawa.

Yau ga ni bayan Lawandi direba,
gaban Inna Tabawa.
Akawu ya leƙo: "Sai wani satin."
Ashe Sada ne, mai zaman bakin taga.

Na laluba ƙamus kaf a kaina,
babu wadda ta isa.
Sai Inna Tabawa ta ja tsaki,
dogo, har Ƙofar Ƙaura.

Sada, wannan fa,
yaya ake rubuta shi?