Abin Da Rabe Ya Bari

Shekara sha tara gidana bai ga fenti ba,
bango ya yi dabbare-dabbare kamar gindin tukunya.
Da kuɗin sallamata suka fito daga gidan waya
na ce bari in yi wa gidan sutura
kafin a yi mini tawa.

Ɗahiru maƙwabcina ya ce akwai wani Rabe a Ƙofar Marusa,
hannunsa ba ya rawa.
Ya zo ran Laraba bisa tsohon babur,
wandonsa ɗauke da launin gidaje arba'in.
Ya ƙwanƙwasa bango, ya kanga kunne
kamar mai sayen kankana.
Ya ce bokiti takwas. Na ce shida.
Ya ce, "Alhaji, bangon ga ƙishirwa gare shi."
Muka daidaita a bakwai,
na ƙirga masa kafin alƙalami a zaure,
shaidarmu buta da tabarma.

Daga nan sai iska.
Kwana tara ina kiran lambarsa,
wata mata a cikin waya tana ba ni haƙuri
har na fara gane muryarta fiye da ta ƙanwata.
Kujeru a tsakar gida lulluɓe da zannuwa,
kaji suka mayar da su masauki.
Aka ce an gan shi a Mashi bisa tsani.
Aka ce a'a, goggonsa ce ta rasu.
Ashe duka biyun gaskiya ne.

Ran na goma ya iso da yaro da dogon gora,
ko sannu da jira babu.
Ruwan madara na ce,
ruwan ƙwai na gani.
Ya ce in ya bushe zai yi haske.
Ya bushe. Bai yi ba.
Na kama yaron a bakin rijiya
yana yi wa bokiti na huɗu ƙari,
na ce, fura muke damawa?
Rabe bai ko sauko ba,
daga sama ya ce, "Fenti ma shina shan ruwa, Alhaji,
mi ad da rai bai sha?"

Ɗigo a kan tagogi, ɗigo a kan mitar wuta,
tunkiyata ta wayi gari da rawayan kunne.
Na tanadi maganganu masu zafi,
na jera su a ƙirji kamar bulo,
na ce ran biyan ciko zai ji su ɗaya-ɗaya.

Ran Asabar ya ce an gama.
Na zaga, hannu a baya, ina farautar laifi.
Gefen ƙofar madafa na samu:
wuri kamar faɗin faifai biyu,
tsohon bango, baƙi da hayaƙi,
an zagaye shi da layi miƙaƙƙe tamkar da zare aka ja.
Na buɗe baki.

Sai na ga fensir.
Rubutun Hurera ne, mai karkata hagu:
Mannir, shekara huɗu. Mannir, shida.
Saratu ta wuce shi da yatsa biyu.
A ƙasa, lissafin adashi
wanda ba ta kai ga kwasa ba.
Shekara takwas ina wucewa ta nan
ban taɓa sunkuyawa ba.

Rabe yana wanke buroshi, bai ɗago ba.
Ya ce, "Na ga wannan ba datti ba ne.
In kana so a shafe, minti biyu ne."

Bulon ƙirjina ya rushe ba ƙara.
Na ba shi cikonsa cif,
ban cire kuɗin kunnen tunkiya ba.

Yanzu damina ɗaya ta wuce,
bangon zaure ya fara saɓa kamar maciji,
gidan kuma har gobe ruwan ƙwai ne,
masu Keke Napep da shi suke kwatance a Rafindaɗi.
Jiya wani ya tambaye ni lambar mai fentin.
Na ce kada ka ba shi kuɗi gaba,
ka tsaya a bakin rijiyarka,
ka rubuta launin a takarda.
Sannan na ba shi.