Takwas da Ɗigo Huɗu

Shekara talatin ina jan rake a lori
daga gonakin kudancin tsibirin Moris zuwa bakin injin,
tan goma, tan sha biyu,
ni Dhaneshwar, ban taɓa musu da sikeli ba.
Yau ga wani ɗan sikeli, bai cika tafin hannu ba,
'yata Devianee ta sayo shi a Curepipe.
Ta soki yatsana,
jinin bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Takwas da ɗigo huɗu.
Ban karya ba, ko shayi ban kurɓa ba.

Na ce abin nan ƙarya yake yi.
Na ce jiya ɗan Sooklall ya yi aure,
an zuba mana abinci a ganyen ayaba,
wa zai mayar da hannun mai rabon alawa?
Ta ce, Baba, shekaranjiya bakwai da ɗigo tara,
auren wa aka yi?

Ban gaya mata sau huɗu nake fita da dare ba,
maƙogwaro kamar na haɗiyi toka,
ban ce na ƙara wa bel ɗina huda da ƙusa ba.

A asibitin Souillac, nas Josiane ta ture tabarau goshi.
Ta ce awon yatsa ɗan aike ne,
labarin safiya ɗaya kawai yake kawowa,
ba a yanke hukunci da shaida guda.
In ka kwana ba ci, bakwai zuwa sama,
aka sake a ɗakin gwaji ya maimaita,
sai mu kira abin da sunansa.
Akwai kuma awon da ke tona asirin wata uku,
don jini ba ya mantuwa,
sukari na maƙale masa kamar ƙarangiya a ƙafar wando.
Ta cika kwalba biyu.
Ta ce in dawo Alhamis ta sama.

A bas na tuna uwata Kalowtee.
Ita ba ta taɓa ganin lamba ba,
tururuwa ce ta kai mata labari a bayan ɗaki,
kuma a makare.
Aka fara da babban yatsa,
aka tsaya a gwiwa.
Takalminta na hagu ya shekara shida
a ƙarƙashin gado, sabo fil.

Kwana tara ke nan kafin Alhamis.
Cokali uku na shayi ya koma ɗaya,
ɗayan ma Devianee ta sa masa ido.
Shinkafa ta ja gefe guda a faranti,
ganye da wake da kifi sun ci mata iyaka.
Na yi fushi ranar Asabar,
na ci gurasa uku don haushi,
awa biyu bayan nan abin ya ce sha biyu,
bai ɗaga murya ba.

Da yamma ina takawa zuwa Gris Gris,
inda teku ke marin dutse ba gajiya,
in dawo gumi sharkaf,
in zauna in duba tsakanin yatsun ƙafa da madubin aski,
kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.

Raken ya yi fure bana, fari har gindin tsauni.
Ba zan zage shi ba.
Shi ya rufa mana kwano, shi ya biya makarantar yarinyar
da ke soka ni kowace safiya.
Zuma ce, da zaƙi da harbi.

Na ciro tsohon littafin lodi daga akwati.
Gidan kwanan wata na nan, gidan suna na nan,
a gidan da aka rubuta tan
na sa na yau da fensir:
bakwai da ɗigo biyu.
Devianee ta leƙa ta kafaɗata,
ta ce in riƙa rubuta abin da na ci a gefe,
har da gurasar.